Yadda ake gwada dabarun zane mai motsi na hannu kafin a fara gajeren fim

Fim ɗin zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa a nuna su da sauri har ido ya ɗauka motsi yake gani. Fim na silima yana tafiya da hoto 24 a kowane sakan, amma masu zanen hannu sun daɗe suna nuna kowane zane sau biyu, don haka zane 12 ya ishi sakan ɗaya. Fim na minti ɗaya ke nan zai ci zane 720, kuma idan kowane zane ya ɗauke ka minti goma, aikin ya kai awa 120, wato wata biyu cur ga mai zama awa biyu kullum, ban da rubuta labari da ɗaukar sauti da haɗawa. Saboda wannan lissafi nake hana duk wanda ya zo koyo ya faɗa wa fim ɗinsa kai tsaye. Sai ya ware mako biyu ko uku ya gwada dabaru daban-daban a kan ɗan motsi guda na sakan biyar, ya ga wadda ta dace da labarinsa da hannunsa da ɗakin da zai yi aiki a ciki, domin dabarar da ke tafiya lafiya a ɗaki mai sanyi tana iya gagara a nan Damagaram cikin watan Afrilu.

Aikin ba baƙo ba ne a Nijar. Marigayi Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, yana cikin mutanen farko da suka yi irin wannan fim a Afirka ta kudu da Sahara. A 1966 ya fitar da gajeren fim na zanen kwaɗi mai suna Bon Voyage Sim, daga baya ya yi aiki da ƴan tsana, ya kuma daɗe yana zaune a Tawa yana sana'arsa. Salular da ke aljihunka a yau ta sauƙaƙa abubuwa da yawa da shi sai da ya sha wahala kafin ya same su.

Kayan aiki

Ana buƙatar salula mai kamara, da manhajar ɗaukar hoto ɗaya bayan ɗaya irin Stop Motion Studio, wadda ke nuna inuwar hoton da ya gabata a kan wanda za ka ɗauka. Ana buƙatar farar takarda A4, bandir ɗaya mai ɗauke da 500 ya isa gwaji, da fensir mai laushi 2B da mai ɗan tauri HB, da abin goge fensir, da baƙin biro ko maka, da abin huda takarda mai rami biyu irin na ofis. Sai almakashi da reza, da kwali baƙi da mai launi, da zare da allura, da salatif, da hantsaki. Sai gilashi guda biyu masu faɗin da ya ɗara takardar A4 kaɗan, waɗanda mai yankan gilashi zai fitar maka daga ragowar aikinsa. Ka naɗe gefunansu da salatif tun kafin ka shigo da su ɗaki. Sai fitilun LED biyu iri ɗaya, da kwali babba mai ƙarfi ko ɗan tebur, da bargo na toshe taga. Ga gwaje-gwajen ƙarshe kuma akwai yashi, da alli da ƙaramin allon makaranta, da yumɓu, da karan dawa, da siririyar waya mai lanƙwasuwa.

Abu biyu kai za ka haɗa da hannunka. Na farko maƙalar takarda ce, wadda ke riƙe kowane zane a wuri guda. Abin huda takarda na ofis yana yin ramuka biyu masu faɗin milimita 6 da tazarar santimita 8 tsakaninsu, saboda haka ka sami guntayen ƙarfe ko na itace biyu masu kaurin da zai cika ramin ba tare da ya yi lako-lako ba, ka kafa su a kan falalen katako da wannan tazara. Na biyu akwatin haske ne: kwali ko akwatin katako da fitila a ciki, gilashi a sama, farar takarda ko farar leda a manne ƙarƙashin gilashin don ta baza hasken. Wanda bai samu haɗa akwatin ba yana iya ɗora takardunsa a gilashin taga da rana, sai dai hannu yana saurin gajiya a tsaye.

1. Taƙaita labarin har ya shiga jimla uku

Labarin da bai shiga jimla uku ba ya fi ƙarfin fim na minti ɗaya. Zan yi amfani da misali guda har ƙarshen wannan bayani: jan gwada ya hau bakin tulu a tsakar gida, yaro ya ɗauki dutse amma ya kasa jifa don kada ya fasa tulun, yana cikin dabara sai kaza ta zo ta kori ƙadangaren, tulun kuma ya tsira. Kowane Bahaushe ya san karin maganar ƙadangaren bakin tulu da ke bayan wannan, don haka ba a buƙatar ko kalma ɗaya ta magana, wanda babban sauƙi ne, tun da daidaita motsin baki da murya yana cikin ayyukan da suka fi cin lokaci. Ka tsaya kan ƴan wasa biyu ko uku da wuri ɗaya. Taron jama'a da hawan dawaki a ƙofar fada suna da daɗin tunani, amma doki ɗaya mai ƙafa huɗu ya isa ya cinye maka wata guda, sai ka bar su zuwa fim na uku ko na huɗu.

2. Zana labarin a ƙananan akwatuna, ka auna shi da agogo

Ka yanka takarda gida takwas, a kowace ƙyalle ka zana fitowa ɗaya da sauri, wato abin da kamara ke nunawa kafin ta sauya kallo, ko da mutum ya zama sanda da ƙwallon kai. Abin nema a nan shi ne inda kamara take kallo, daga nesa ne ko daga kusa, da abin da ke faruwa. Fim na minti ɗaya yakan tsaya tsakanin fitowa goma zuwa goma sha biyar. Ka jera su a tabarma, ka sauya musu wuri, ka cire duk wadda labarin ke tafiya ba tare da ita ba.

Daga nan ka ɗauki hoton kowace ƙyalle, ka jera su a manhajar haɗa bidiyo irin CapCut, ka ba kowace adadin sakan ɗin da kake ganin ya dace da ita. Don sanin adadin, ka tashi tsaye ka kwaikwayi abin da kanka, wani yana riƙe da agogo: ka sunkuya ka ɗauki dutse, ka ɗaga hannu, ka fasa. Masu koyo kusan duka suna gaggauta komai, suna mantawa da tsayawar da mai kallo ke buƙata don ya fahimci abin da ya gani. A wannan mataki ne kuma za ka yanke shawarar fim ɗin a kwance zai kasance ko a tsaye. Idan a kwance ne, ka zana akwati mai faɗin santimita 24 da tsayin 13 da rabi a tsakiyar takardar A4, duk abin da zai fito a fim ya zauna cikinsa. Sauya wannan shawara bayan an yi zane ɗari yana nufin sake su duka.

3. Kafa wurin ɗauka, kada ka ƙara taɓa shi

Salula za ta kalli ƙasa, tana bisa takarda da kamar santimita 40. Hanya mafi sauƙi ita ce a kifa babban kwali, a yanke gefensa ɗaya don hannu ya shiga, a huda rami a sama daidai idon kamara, a manne salular da salatif. Kafinta yana iya yi maka irinsa na katako, wanda ya fi ƙarko. Ka manne maƙalar takarda a ƙasa, ka manne ƙafafun kwalin da tebur, ka sa fitila ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowace tana haskowa a karkace don kada ƙyallinta ya dawo cikin kamara.

Hasken rana ba abin dogaro ba ne a wannan aiki, ko da yake shi ne ya fi yawa a garinmu. Hoto sittin yana iya ɗaukar awa biyu, rana kuma tana tafiya, sai fim ya fito yana walƙiya, wani hoto da haske wani da duhu. Ka toshe taga da bargo. Fitila mai caji ma tana da irin wannan matsala, domin haskenta yana raguwa a hankali yadda idonka ba zai lura ba sai ka kunna fim ɗin. Idan ita kaɗai gare ka, ka haɗa ta da batirin sola ko babban batirin cajin salula, ka kuma yi aiki a gajerun zama. A cikin manhaja ka kulle haske da saitin ido, wato fokas, da launi, kada ka bar salula tana zaɓa da kanta. Idan ka ga ratsi-ratsi masu duhu a hoton, lantarkin gida ne ke kawo su, tun da namu yana bugawa sau 50 a sakan. Ka sa saurin kamara, wato lokacin da idonta ke buɗe a kowane hoto, a 1/50 ko 1/25 na sakan in manhajar ta yarda.

Kada ka danna fuskar salula da yatsa wajen ɗauka, domin kowace dannawa tana gusar da ita kaɗan. Maɓallin ƙara murya na abin sauraro mai waya yana ɗaukar hoto a salula da yawa, in kuwa bai yi ba, ka sa ta riƙa ɗauka da kanta bayan sakan biyu ko uku. Ka kashe layin kira gaba ɗaya. Ka sa riga mai duhu, domin farar riga tana mayar da haske kan takarda gwargwadon yadda ka matso ko ka ja baya.

4. Fara da ƙwallo

Kafin ƙadangare, ka ɗauki ƙaramin littafin rubutu, ka fara daga shafin ƙarshe, ka zana ƙwallo tana faɗowa ta bugi ƙasa ta tashi, a shafi goma sha biyu zuwa goma sha shida, sannan ka saki shafukan da babban yatsa. Darasin da ke ciki ɗaya ne, kuma shi ke riƙe da dukan sana'ar: tazarar da ke tsakanin zane da zane ita ce sauri. Inda zanuka suka matsu da juna abu yana tafiya a hankali, inda suka yi nisa yana gudu. A can sama ƙwallo tana jinkiri, don haka zanukan su kusanci juna. Kusa da ƙasa su ware. A zanen da ta taɓa ƙasa ka ɗan baje ta, a wanda ke biye ka ɗan miƙe ta, amma kada girmanta ya ƙaru ko ya ragu. Wanda ya raba tazarar daidai wa daida zai ga ƙwallonsa tana sauka kamar da igiya ake zuro ta.

5. Tsara motsin gwaji, sannan ka yi shi da fensir

Motsin da za ka maimaita a kowace dabara shi ne jan gwada a bakin tulu, sakan biyar, hoto 60. Ka fita tsakar gida da hantsi ka kalle shi da kyau kafin ka zana komai. Za ka ga ba kai kaɗai yake gyaɗawa ba: ƙafafun gaba ne ke miƙewa su ɗaga ƙirji, kan ya biyo baya, saukar ta fi hawan sauri, wutsiya kuma tana nan shimfiɗe ba ta motsi. Idan zai gudu, yakan daskare tukuna, ya karkata kai gefe guda, sannan ya ɓace kusan lokaci ɗaya.

Ga yadda nake raba hotunan. Daga 1 zuwa 12 yana tsaye cik. Daga 13 zuwa 36 ya yi gyaɗa uku, kowace hoto takwas: uku na hawa, uku na tsayawa a sama, biyu na sauka. Daga 37 zuwa 42 ya karkata kai ya ɗan ja jiki baya, wanda shi ne shirin da ke gaya wa mai kallo wani abu zai faru. Daga 43 zuwa 50 ya gudu ya fita. Daga 51 zuwa 60 tulu ne kaɗai. Tun da gyaɗar guda ɗaya za ka zana ka ɗauke ta sau uku, tsayawa kuma zane ɗaya ce da ake maimaita ɗauka, sababbin zanuka ba za su wuce ashirin da ƴan kai ba. Irin wannan tattali shi ke sa mutum ɗaya ya iya gama fim.

Ka huda takardunka biyar-biyar, kada ka cusa da yawa lokaci ɗaya don ramukan kada su goce. Ka fara da manyan zanuka, wato ƙasa, sama, karkata kai, tsakiyar gudu. Sai ka ɗora biyu a akwatin haske, ka sa sabuwar takarda a kansu, ka zana na tsakaninsu. Ka rubuta lamba a kusurwar kowace takarda tun kafin ka zana komai a kanta. Tulu kuwa ba sai ka sake zana shi sau ashirin ba: ka yi shi sau ɗaya da baƙin maka, ka kai wurin masu hoton takarda su buga maka kwafi, ko ka zana shi a farar leda mai shara-shara ta bangon littafi ka riƙa ɗora ta bisa kowane zane. Cikin zafi gumin hannu yana dama fensir ya kuma kumbura takarda, saboda haka ka sa wata ƙyalle ƙarƙashin hannunka. Kada ka yi tawada ko launi sai ka ɗauki zanen fensir ka kalle shi yana motsi, domin gyaran fensir minti biyar ne, na tawada kuwa sabuwar takarda ce.

6. Gwajin yankakken kwali

A nan ƙadangare ɗaya za ka yi, ka yanka shi gaɓa-gaɓa: kai, gangar jiki, wutsiya gida uku, kowace ƙafa gida biyu. Ka haɗa gaɓoɓin da zare da allura, ƙulli a sama ƙulli a ƙasa, a matse yadda gaɓa za ta juya amma ta tsaya inda ka bar ta. Idan ta yi sako-sako, ɗan ɗigon gam a kan ƙullin yana gyara ta. Ka kwantar da shi a kan hoton tulu, ka gusar da gaɓa milimita biyu zuwa biyar da hantsaki ko tsinke, ka janye hannu, ka ɗauka. A wurin gudu tazarar tana iya kai santimita biyu ko fiye.

Kwali yana lanƙwashewa ya yi inuwa, shi ya sa ake danne shi da gilashi na biyu kafin kowace ɗauka. Gilashin kuma yakan nuna salular kanta, maganinsa baƙin kwali mai rami daidai idon kamara. Idan ka ɗora baƙin ƙadangare a kan akwatin haske ka kashe fitilun sama, za ka sami fim na inuwa, dabarar da Bajamushiya Lotte Reiniger ta yi dogon fim da ita a 1926. A ganina wannan ce ta fi rufa wa mai koyo asiri, domin ba ta buƙatar iya zanen fuska, kuma tsarin gine-ginen Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, da manyan duwatsunsa suna fitowa da kyau ainun a inuwa. Wanda ya san dukawa ya roƙi ragowar jar fata da koriya, suna kwanciya lafiya ƙarƙashin gilashi, kuma suna ba fim kamannin da ba a samu a kwalin kanti.

Babban abokin gabar wannan dabara fanka ce. Dole a kashe ta, ɗaki kuma a rufe yake, don haka a bazara sai bayan sallar asuba ko cikin dare. Salula ma tana zafi ta ɗauke aiki; ka cire mata riga, ka rage hasken fuskarta, kada ka yi caji kana ɗauka in da hali.

7. Gwajin yashi da na alli

Ka debo yashi mai laushi, ka tankaɗe shi da rariyar gari, ka wanke shi har ruwan ya daina yin ja, ka shanya ya bushe sarai. Wanda ba a wanke ba yana barin ƙura a gilashi, hasken ya dushe tun kafin a kai rabin aiki. Ka barbaɗa shi a gilashin akwatin haske, ɗaki da duhu. Inda ya yi kauri zai fito baƙi ƙirin, inda ya yi shara-shara zai fito ruwan ƙasa mai haske, inda ka share da yatsa kuma fari tas. Da tsinken tsintsiya ake fitar da yatsun ƙadangare, da gashin kaza ake share gefe, da tafin hannu ake zuba duhu. Don ɗaga ƙirjinsa, sai ka tura yashin daga ƙasa zuwa sama kaɗan, ka share inda ya bari, ka ɗauka.

Ka sani cewa a yashi ba a komawa baya. Kowane hoto yana rushe wanda ya gabace shi, in ka yi kuskure a hoto na 40 babu na 39 da za ka koma wa sai wanda ke cikin salula. Saboda haka ka kafa takardar rabon hotunan a gabanka kana soke kowace lamba da ka ɗauka. Yashi ba ya son ƙananan siffofi, amma wajen rikiɗa abu ya zama wani, kamar ruwan tulu ya zama hadari, babu kamarsa. Ka kiyaye kada ya shiga ramin cajin salula.

Alli a kan allo haka yake tafiya, a zana, a ɗauka, a goge wani sashe, a sake zanawa, kuma shatin abin da aka goge yana biyo motsin a baya, wanda wasu ke so wasu ba sa so. Wanda ke son kamannin alli ba tare da ƙurarsa ba yana iya bin dabarar Bafaranshe Émile Cohl, wanda a 1908 ya yi zanukansa da baƙi a kan farar takarda sannan aka juya launin, suka fito fari a kan baƙi. Manhajojin haɗa bidiyo da yawa suna yin wannan juyi.

8. Gwajin yumɓu da kara

A nan salula za ta sauko ta kalli gaba, a kafe a kan tebur. Ka murɗa siririyar waya biyu ta zama ƙashin bayan ƙadangare da ƙafafunsa, ka bar ƙarshen ƙafafun da ɗan tsawo don su soki kwali mai kauri ko soson katifa da ka shimfiɗa a ƙasa, in ba haka ba zai riƙa zamewa. Yumɓun magina, irin wanda ake aiki da shi a Mirriya, yana da kyau a ido amma yana bushewa da sauri, musamman a hunturu, kuma wuya ne ke fara tsagewa tun da shi ake yawan lanƙwasawa. Ka ajiye ruwa da ɗan burushi kusa, ka rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma duk lokacin da ka tashi. Yumɓun roba na yara ba ya bushewa, sai dai zafi yana narkar da shi har ƙafafu su kasa ɗaukar jiki.

Hanyar da ta fi dacewa da yanayinmu ita ce a gina ƙadangare biyar ko shida masu girma ɗaya, kowane da tsayuwarsa, a bar su su bushe, sannan a riƙa musanya su a gaban kamara. Kara ma yana aiki: yaran da ke ƙera motoci da shi sun riga sun san yadda ake soka ɓawon cikin tsokar, abin da za a ƙara kawai shi ne waya a gaɓoɓi. Ba ya tsagewa, ba ya narkewa, ba shi da nauyi.

9. Kwatanta, ka zaɓa

Ga kowane gwaji ka rubuta awannin da ya ci tun daga shiri har ɗauka, da kuɗin da ka kashe, da abin da ya fi ba ka wahala. Ka ninka awannin sau goma sha biyu don sanin na minti ɗaya, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku na gyare-gyare. Sannan ka nuna gwaje-gwajen ga yara biyu ko uku da wani babba, ba sauti, ba bayani, ka tambaye su me suka gani. Idan yaro ya ce ya ga kada ko ɓera, siffar ce ba ta fita ba. Idan ya ce bai ga lokacin da ya gudu ba, shirin gudun ne ya yi gajere.

Kada ka zaɓi dabara don ita ta fi burge ka a sakan biyar. Ka duba fitowa mafi wuya a labarinka, wadda a misalinmu ita ce fuskar yaro yana shakkar jifa. Fensir yana iya nuna wannan a ido da gira. Inuwa kuwa sai ta nuna shi a hannun da ya ɗaga ya sauke. Yashi da ƙyar zai iya. Idan shakka ta rage, ka sake gwajin sakan biyar a kan wannan fitowa da dabaru biyun da suka yi gaba. Haɗa dabaru ba laifi ba ne matuƙar da dalili, misali dukan fim ɗin da kwali, tunanin yaro na fashewar tulu kuma da yashi.

10. Ɗauki sauti kafin ka fara ɗaukar hoto

Ya fi sauƙi a daidaita zane da sauti bisa a daidaita sauti da zane. Ka shiga ɗaki mai katifa da labule da tufafi, waɗanda ke shanye amsa-kuwwa, a lokacin da ƙarar kabu-kabu ta lafa. Ka ɗauki kukan kaza, da ƙarar tsinke a jikin tulu, da takun ƙafa a ƙasa, kowane daban. Idan kana son kiɗa, ka je wurin mai kalangu ko mai gurmi ku yi magana ta fahimta, ka biya shi, ka sa sunansa a ƙarshen fim. Ɗauko waƙar wani daga intanet yana iya sa a toshe fim ɗin a YouTube ko Facebook, masu shirya bukukuwan fina-finai irin FESPACO na Wagadugu kuma sukan nemi shaidar izini.

Sai ka buɗe littafin rubutu mai layi, kowane layi hoto ɗaya, ka ja layi mai kauri bayan kowane goma sha biyu. A gefe ɗaya ka rubuta inda kowane sauti ya faɗo, a ɗaya gefen lambar zanen da za a ɗauka a wurin. Idan ganga tana bugawa sau biyu a sakan, kowane layi na shida bugu ne, a nan kan ƙadangare zai sauka.

11. Tsara aikin da ajiyarsa

Ka raba fitowa-fitowa a kan makonni, kowace fitowa a gama ɗaukarta a zama ɗaya in zai yiwu, domin haske da wurin zaman salula ba sa komawa daidai washegari. Idan dole ka tsaya, ka tsaya a inda abu yake tsaye cik, ka rufe teburin da zane mai tsabta saboda ƙura, ka goge gilashi da idon kamara kafin ka ci gaba. Ka saita manhaja a hoto 12 a sakan, wajen fitar da fim kuma ka zaɓi 24 da girman 1920 da 1080. Kowace fitowa da ka gama ka kwafe ta a katin ajiya da kuma wata na'ura daban a ranar, kuma in za ka tura ta WhatsApp ka tura ta a matsayin fayil, domin tura ta a matsayin bidiyo yana rage mata kyau. Zanukan takarda a ɗaure su fitowa-fitowa cikin leda, a ɗora su bisa, nesa da gara da danshin damina.

Kada ka fara da fitowar farko ta fim. Hannunka zai ci gaba da faɗawa kana cikin aikin, zanukan makon farko kuma su ne za su fi rauni, don haka ka fara da wata gajeriyar fitowa mai sauƙi daga tsakiya, ka bi da masu wuya lokacin da ka yi ƙarfi, fitowar buɗe fim da ta rufewa kuma ka bar su sai ƙarshe.